Za A Gina Kanti A Jikin Katangata: Wace Takarda Zan Sa Wa Hannu?

Assalamu alaikum. Ni uwa ce, shekarata 54, ina zaune a wata unguwa a Kano cikin gidan da maigidana ya rasu ya bar mana shekara shida da suka wuce. 'Ya'yana biyar, uku suna gabana: 'yan mata biyu da namiji ɗaya da ya gama digiri yana zaune ba aiki. Gidan da muke katanga ɗaya da shi na aminin maigidana ne, shi ma Allah ya yi masa rasuwa. Da aka raba gado babban ɗansa ya sayi kason ƙannensa, yanzu yana so ya rushe gidan ya gina kanti irin na zamani, wanda ake shiga a zaɓi kaya a biya a bakin ƙofa, sama kuma sito da ofis. Yaron nan a gabana ya tashi, Umma yake ce mini.

Ma'aikatan hukumar tsara birane sun zo sun auna wurin, sun ce takardunsa suna gabansu, ba a yanke ba tukuna. Mai unguwa ya ce duk mai ƙorafi ya rubuta. Unguwa ta rabu biyu. Wasu sun rubuta takardar ƙin amincewa, jagoransu shi ne mai shagon tireda na kan kwana. A ciki sun ce kantin zai tara 'yan shaye-shaye, zai karya ƙananan 'yan kasuwa, har da cewa ba a san inda yaron ya samo kuɗi ba. Suna so ni in fara sa hannu tunda ni ce maƙwabciya ta jiki. Shi kuma yaron ya zo har tsakar gida ya durƙusa ya gaishe ni, ya aiko da buhun shinkafa, ya ce zai ɗauki ɗana aikin lissafi, ya bar mini wata takarda da Turanci in sa hannu cewa ba ni da ja.

Abin da ke hana ni barci shi ne tagogin bene a kan tsakar gidana, da janareto a jikin ɗakina ga ni da hawan jini, da motoci a ƙofar gida, don layinmu mota biyu da ƙyar suke wuce juna. Ba na so in tare wa maraya abincinsa, ba na so in ci amanar maƙwabta, ba kuma na so in cuci 'ya'yana. Wace takarda zan sa wa hannu?

Daga wata uwa a Kano.

Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan maigida da amininsa, ya raya abin da suka bari. Kada ki sa hannu a ko ɗaya daga cikin takardun nan biyu. Akwai ta uku, wadda ke za ki faɗa da bakinki ɗanki ya rubuta, kuma ita ce za ta fisshe ki a wurin kowa.

Bari mu fara da ta yaron. Takardar da ke cewa ba ki da ja, nauyi gare ta fiye da yadda kike zato. Ranar da ƙarar inji ta hana ki runtsawa kika tafi kai kuka, ita za a zaro daga fayil a ajiye a gabanki. Kuma me za ki ce kin yarda da shi? Ba ki ga zanen ginin ba. Ba ki san ta ina tagogi za su kalla ba, ba ki san inda za a girke janareto ba, ba ki san ko za a ja ginin baya daga bakin hanya ko za a kawo shi har kan kwata ba. Sannan gidan da kike ciki ba naki ba ne ke kaɗai. Matar da miji ya rasu ya bar 'ya'ya tumuni take da shi, ɗaya bisa takwas, sauran na ragowar magada ne. Duk abin da zai shafi sirrin gidan da lafiyar katangarsa ya shafi 'ya'yanki biyar, har waɗanda suke ɗakunan mazajensu ko suke wani gari. Wannan ita ce amsar da za ki ba shi ba tare da ransa ya sosu ba: gida na marayu ne, ba zan sa hannu ni kaɗai ba, kawo zanen mu gani tare da baffansu.

Ita kuma takardar maƙwabta, na san zafin da ya haife ta, ban kuma raina shi ba. Amma an zuba gaskiya da zato a tukunya ɗaya. Cewa ba a san inda ya samo kuɗi ba zargi ne, babu hujja, kuma duk wanda ya sa hannu a ƙasansa ya ɗauki alhakinsa a wurin Allah, ya kuma buɗe wa kansa ƙofar ƙarar ɓata suna. Ma'aikacin tsara birane ba a aiko shi binciken dukiyar kowa ba. Idan ya karanta takarda ya ga rabinta habaici ne, sai ya ɗauka hassada ce ta 'yan unguwa, kukanki na gaskiya ya nutse tare da sauran. Ke ce kika fi kowa hujja a layin nan, don haka ke ce kika fi kowa asara idan aka haɗa maganarki da ta masu wata manufa.

Ina so ki bambance abu biyu, domin a nan ne maganar take. Akwai abin da mutum ba ya so, akwai abin da yake cutar da shi. Na farko ba ya hana maƙwabci yin gini a filinsa. Na biyu yana hanawa. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da tsefe wannan. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan garin nan tun kaka da kakanni, bayan an kawo ƙa'idar nan ta ba cuta ba cutarwa, misalan da aka buga su ne buɗe taga kusa wadda za a riƙa hango maƙwabci ta cikinta, da buɗe ƙofa daidai saitin ƙofarsa, da haƙa ramin da zai cutar da shi ko da a cikin mallakar mai haƙan ne. Muhtasar na Shaihu Halilu ya ƙara da hayaƙi, da wari irin na majema, da duk abin da zai yi wa katanga illa, har da buɗe shago daidai saitin ƙofar gidan mutum. Amma a wurin dai ya ware abin da ba a hanawa, kamar tsawon gini, ko tare wa maƙwabci rana da iska. Kin ga ke nan ba ki da ikon ce masa kada ya yi bene, amma kina da cikakken ikon cewa kada benen ya zama wurin leƙen 'yan matanki. An ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, da aka kai masa irin wannan ƙara, cewa ya yi a sa gado a ƙarƙashin tagar mutum ya hau ya tsaya. Idan yana hango cikin gidan maƙwabci a toshe ta, idan ba ya hangowa a bar ta. Awo ne mai sauƙi, kowane magini zai gane shi.

Maganar mai tireda fa? A Tuhfatul Hukkam, wani littafin fiƙihun Malikiyya, an faɗi hukuncinta: idan cutar ta rage riba ce kawai, kamar mai gidan burodi ya buɗe kusa da wani mai gidan burodin, ba a hana shi. Tsarin boko ma a nan ya tsaya. Dokar tsara gari ta 1946 da Turawan mulki suka kafa a ƙasar nan daga ta Ingila ta 1932 aka kwaikwayo ta, kuma a Ingila har gobe idan wani ya nemi izinin gina kanti, hukumar yankin takan ba maƙwabta kwana 21 su faɗi ra'ayinsu. Abin da ake saurara a wurinsu shi ne cunkoson hanya, wurin ajiye mota, ƙara, wari, da leƙen gidan mutane. Wanda ya ce kantin zai kwashe masa masu ciniki, ko zai karya farashin gidansa, ba a sa maganarsa a ma'auni. Duk abubuwa ukun da kika ce suna hana ki barci suna cikin waɗanda ake saurara, a littafin malamai da na ma'aikata baki ɗaya. Wannan ya kamata ya kwantar miki da hankali.

Yanzu ga yadda hukuma take a nan gida. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, mu kuma izinin zama da amfani muke riƙe da shi. Shi ya sa takardar shaidar mallaka takan faɗi abin da aka ba da filin dominsa, gidan zama ne ko wurin kasuwanci. Wanda zai mayar da gidan zama kanti yana buƙatar amincewar gwamnati ta sauya wannan manufa, ta hannun ma'aikatar ƙasa, sannan yana buƙatar izinin gini daga hukumar tsara birane, wato KNUPDA a nan Kano, wadda ke duba zane ta amince ko ta ce a gyara. Ko unguwarku awon gwamnati ce ko awon igiya, gini irin wannan ba ya tashi bisa ƙa'ida sai da izininta. Tun 2003 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara birane hurumin jihohi ne, saboda haka maganarku ba ta zuwa Abuja, a nan Kano za ta ƙare. Da suka ce miki ba a yanke ba tukuna, albishir suka yi miki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Taga a kan takarda da fensir ake matsar da ita. Idan an zuba siminti kuwa sai da guduma da gaba.

Idan zanen ya zo, kada ki ji kunyar cewa ba ki iya karanta shi ba. Yawancinmu ba mu iya ba. Ki nemi wani ɗan'uwa injiniya ko mai zanen gini, ko tsohon magini amintacce, ya zauna ya nuna miki da yatsa: nan ce katangarki, nan ne ɗakinki, nan ce ƙofar kanti. Abin da za ki nema kashi biyu ne. Akwai wanda dole ya shiga cikin zanen kansa kafin a buga masa hatimi, akwai wanda hali ne na yau da gobe, sai dai a rubuta shi a yarjejeniya.

Na cikin zane su ne masu tsada, su za ki fi tsayawa a kai. Bangon benen da ke kallon gidanki ya zama babu taga, ko kuwa tagogin su kasance ƙanana can sama da tsayin mutum, na shan iska kawai. Kada ki yarda da alkawarin labule ko gilashi mai duhu, don labule ana ɗagawa, gilashi ana canzawa, kuma wanda zai zauna a ofis ɗin nan da shekara biyar ba lalle ne ya san ki ba. Ki duba matakala ma. Sau da yawa an toshe taga amma an bar matakalar waje ko baranda ta inda mai ɗaukar kaya zai ga har madafa. Haka tankin ruwa a saman gini, wanda yara masu aiki za su riƙa hawa.

Janareto shi ne wanda na fi jiye miki. Kanti mai firiji da firiza ba ya kashe inji da daddare, in ba haka ba kifi da madara su lalace. Ke nan abin da za ki rayu da shi kullum ne, har ƙarfe ukun dare. Ba ƙara ce kaɗai ba. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma a ƙasar nan an sha wayar gari a tarar da iyali guda sun rasu cikin barci saboda ita. Girgizarsa kuma tana cin katanga a hankali. Ki nemi a nuna ɗakin injin a zanen, a ɓangaren da ya fi nisa da ɗakunan kwana, naki da na kowane maƙwabci, a kan dakalinsa daban ba jikin katanga ba, bututun hayaƙi kuma ya wuce saman rufi. Ki ba shi shawarar sola da batura su riƙe firiza da dare. Da tsadar man dizal ta yanzu, 'yan kasuwa da yawa da kansu suke komawa can, don haka ba abin da zai ji baƙo ba ne. Akwai kuma ƙa'idojin taƙaita ƙara na ƙasa da aka fitar a 2009 ƙarƙashin hukumar kula da ƙa'idojin muhalli ta ƙasa, wato NESREA, waɗanda suka fi tsauri da dare a unguwannin zama. Ki karɓo takardar likita kan hawan jininki ki haɗa da wasiƙarki.

Sai motoci. Ki sa ɗanki ya auna faɗin layin da tef, daga kwata zuwa kwata, ya ɗauki hoto da safe lokacin tafiya makaranta da kuma bayan la'asar. Lamba da hoto sun fi dogon bayani aiki a ofis. Maganin cunkoso ɗaya ne: a ja ginin baya, a bar fili a gabansa inda mota da adaidaita sahu za su tsaya cikin harabarsa. Allon da aka rubuta kada a yi fakin a nan, duk wanda ya zauna a Kano ya san iyakar amfaninsa. Mai gini kullum yana so ya cinye filinsa kaf don kowane taku kuɗi ne, shi ya sa wannan ne sharaɗin da zai fi yi masa ciwo, shi ne kuma wanda in aka rasa shi yanzu ba za a ƙara samu ba. Duk wanda ya san Zoo Road ko wasu layukan Nasarawa shekarun baya ya ga yadda gida ɗaya ke zama shago, na kusa ya bi, kafin a ankara hanya ta zama wurin ajiye motoci. Ƙofar kantin ma a kauce da ita daga saitin ƙofar gidan da ke fuskantarsa.

Kafin a sa diga a ƙasa, ki ɗauki hoton katangarki ciki da waje, da bangon ɗakin da ke jikinta, a gaban mai unguwa ko wakilinsa. Harsashin bene yana da zurfi, tsohuwar katanga kuwa ba ta son a yi haƙa a gindinta, musamman da damina. A rubuta cewa duk tsagar da aikin ya jawo shi zai gyara. Ramin sokawe ya yi nesa da katangarki da rijiyarki in kina da ita, ruwan rufinsa kuma ya sauka a kwata, ba a tsakar gidanki ba.

Na yarjejeniya ba sa buƙatar dogon bayani: lokacin rufewa da dare, lokacin da manyan motoci za su sauke kaya, inda za a tara shara da wanda zai kwashe, na'urar kashe gobara, da yadda zai ja wuta ba tare da ya durƙusar da taransifomar unguwa ba. Amma akwai guda da mutane ke mantawa, kuma daga nan ne tsoron maƙwabtanki na 'yan shaye-shaye yake da ƙamshin gaskiya. Kanti shi kansa ba ya tara majalisa, mutum ya shiga ya saya ya fita. Abin da ke tarawa shi ne gaban kantin idan aka ba da shi haya: mai shayi ya kafa tebur, mai tsire ya hura wuta, mai cajin waya ya kunna kiɗa, ga fitila har asuba. Na taɓa zama a layin da haka ta faru, matan gidan da ke kusa sai da suka koma fita ta ƙofar baya. Ki sa a rubuta ƙarara cewa ba za a ba da harabar haya ba, ba za a ajiye benci ba, ba kuma za a sayar da gas ko fetur a jikin katangar gidan mutane ba. Ku sa hannu ku biyu, da 'ya'yanki, mai unguwa da liman su zama shaidu, kowa ya riƙe kwafinsa. A ƙara da cewa in ya sayar ko ya ba da haya, zai sanar da wanda ya karɓa waɗannan sharuɗɗa.

Wasiƙarki ga hukuma kada ta wuce shafi biyu. A sa kwanan wata, adireshin gidanki da na wurin da za a gina, a rubuta ta zuwa ga shugaban hukumar. Jimlar farko ta ce ba ki adawa da maƙwabcinki ya yi kasuwanci a filinsa, kina roƙon kada a amince da zanen sai an gyara abu kaza da kaza. A jero su da gajeren dalili, a haɗa hotuna da awon hanya da takardar likita. Babu zagi, babu labarin wane ya ce. A kai kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin an karɓa a dawo miki da shi, ki adana tare da takardun gida. A ba mai unguwa kwafi, a ba dagaci. Bayan mako biyu ɗanki ya koma ya tambayi inda aka kwana, ya yi ta komawa cikin ladabi. Duk kuɗin da aka ce a biya a karɓi rasit.

Amma kafin wasiƙar nan ta bar gidanki, yaron ya ji ta daga bakinki. Wannan ba na so ki tsallake shi. Yaron da ya durƙusa a tsakar gidanki bai cancanci ya fara jin ƙorafinki a bakin ma'aikaci ba. Ki kira shi, baffan yara yana zaune, ki ce masa: ɗana, ni ba zan tare maka arziki ba, mahaifinka da mahaifinsu abin da ke tsakaninsu ya fi ƙarfin haka. Amma waɗannan ƙannenka ne, mutuncinsu naka ne. Ga abin da nake so ka gyara, in ka gyara ni da kaina zan sa maka albarka a rubuce. Ki kuma nuna masa cewa amfaninsa ne. Kowa a garin nan ya ga watan Yunin 2023, lokacin da aka rushe gine-gine a tsohon otal ɗin Daula da shagunan filin Idi. Can maganar filin gwamnati ce, ba irin taku ba, amma ta koya wa kowane ɗan kasuwa cewa ginin da ake jayayya kan takardunsa dukiya ce a bakin rami. Kantin da aka gina da izini cikakke da yardar maƙwabta a rubuce ya fi masa kwanciyar hankali, kuma ku ne masu cinikinsa na farko. Yadda zai karɓi wannan magana zai nuna miki abubuwa da yawa. Idan ya kawo zane ya zauna aka duba, mutumin kirki ne mai gaggawa. Idan ya ƙi nunawa ya dage sai sa hannu, to kin san dalilin da ya sa kika ƙi.

Shinkafar nan, ban ɗauke ta toshiyar baki ba kai tsaye. Ɗan aminin miji ya kawo wa uwa abinci ba baƙon abu ba ne a wurinmu, mayar masa kuma zai zama mari. Ki yi godiya, ki aika wa iyalinsa da wani abin alheri daidai ƙarfinki, don kada ki ji an ɗaure miki harshe. Aikin ɗanki ne ya fi buƙatar a yi hattara. Na san abin da ake ji idan saurayi mai digiri yana kwana yana tashi a gida, kuma ba zan ce ki yi watsi da dama ba. Amma ki raba maganar biyu a gabansa: aiki daban, gini daban. In ɗanki ya cancanta ya ɗauke shi bayan an gama maganar zane, in kuma aikin sai da sa hannunki ne, to ba aiki ba ne mai ɗorewa, don ranar da kika yi ƙorafin inji ranar za a sallame shi. Ki zauna da ɗan naki ki faɗa masa haka tun yanzu, kada ya ji kamar kin fifita katanga a kansa. Shi ne zai rubuta wasiƙar, shi zai kai ta, kuma 'yan'uwansa mata yake karewa.

Maƙwabta za su ji haushi kwana biyu. Ki nuna musu wasiƙarki, ki ce ga tawa, na faɗi abin da na gani da idona. Wanda gidansa ke fuskantar wurin, da wanda ke ɗaya gefen, ki ƙarfafa musu su rubuta tasu a kan abin da ya shafe su. Wasiƙu uku daga gidaje uku na jiki, kowace da hujjarta, sun fi sa hannu hamsin a ƙarƙashin zargi. Shi kuma mai tireda a tausaya masa, tsoron abincin iyalinsa yake ji. Sai dai mai sayen sukari ƙulli ɗaya, da mai karɓar taliya bashi zuwa ƙarshen wata, da yaron da aka aika da canji a hannu, ba su da wurin zuwa sai wurinsa. Kantin zamani ba ya ba da bashi, ba ya kuma warware kwali ya sayar da ɗaya.

Idan duk an yi wannan aka amince da zanen ba gyara, ko aka amince da gyara amma ya gina saɓaninsa, hanya ba ta ƙare ba. Gini saɓanin zanen da aka amince da shi laifi ne da hukumar ke da ikon dakatarwa, kuma kwafinki mai hatimi shi ne shaidarki cewa kin yi magana a kan lokaci. Akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a ta tarayya, wadda aka kafa tun 1975, tana da ofis a jihohi kuma ba ta karɓar kuɗi. Akwai kotu, inda lauya zai iya neman umarnin dakatar da abin da ke cutar da ke, in babu halin lauya kuma akwai hukumar ba da agajin shari'a. Abin da ba zan so in ji ba shi ne samarin layi sun tare ma'aikata ko sun taɓa kayan gini, don daga ranar mai gaskiya ya koma wanda ake tuhuma. Ina fatan ba za a kai ko'ina cikin waɗannan ba.

Gobe in Allah ya kai mu ki kira baffan yara ki sanar da shi, ki buga wa manyan 'ya'yanki waya, sannan ki aika a ce wa yaron Umma na nemansa ranar Asabar bayan la'asar, ya taho da zanen. Takardarsa ta Turanci ki sa ta a jaka yadda ya kawo ta. Ki riƙa shan maganinki a kan lokaci, Hajiya. Allah ya ba ki lafiya, ya daidaita tsakaninku.